Hoton Asibiti: Kwamfuta Ta Rage Kuskure, Ko Kuwa Ɓoye Shi Ta Yi?

Ɗalibai 'yan'uwana, da yawa daga cikinmu ba mu shiga jami'a ba sai da aka tsai da mu gaban wani allo mai sanyi, aka ce mu tuɓe riga, mu manna ƙirji, mu ɗora hannuwa bisa ƙugu, mu ja numfashi mu riƙe. Wannan shi ne hoton ƙirji da akan nema wajen rajistar lafiya. To, ina roƙon kowa ya ɗan tuna baya: sau nawa aka ce ka ja numfashi ran nan? In sau ɗaya ne, madalla. In kuwa ka ji muryar nan daga bayan gilashi tana cewa, "Yi haƙuri, sake tsayawa," to ka sani sau biyu haske ya ratsa ka, alhali kuwa hoto ɗaya aka kai wa likita. Ina ɗayan ya tafi? Wa ya rubuta cewa an ɗauke shi? A kan wannan hoto da ya ɓace nake so in yi tsokaci, domin a ganina ɓacewarsa ba ƙaramin al'amari ba ne, ko da yake ba a jin kukan kowa a kai.

Ni dai ɗalibi ne mai koyon aikin ɗaukar hoton asibiti, saboda haka gidanmu nake sharewa, kada wani ya ɗauka jifa na zo yi. Amma tun kafin in san ko da sunan na'urar na ga abin da idona. Ina ajin ƙarshe na sakandare ƙanena ya faɗo daga kan keke, ya dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya kumbura suntum. Muka kai shi wani asibiti da ke taƙama da sabuwar na'ura mai kwamfuta. Yaro yana kuka, hannu yana rawa. Ina tsaye bakin ƙofa ina jin ƙarar na'ura, a ɗan jima a ce "sake", a ɗan jima a ce "sake". Na ƙirga biyar. Da aka gama sai aka ba mu hotuna biyu, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, kuɗin biyu kuma muka biya. Har godiya na yi, ina ganin an yi mana ragi. Sai bayan shekaru na gane cewa sauran ukun ma an biya su, kuma jikin yaron ne ya biya.

Hasken nan mai ratsa jiki, wanda ake kira eksire, wani malamin jami'a Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ne ya gano shi a garin Wurzburg ranar 8 ga Nuwamba 1895. Ba a yi shekara goma ba aka soma ganin ɗayan fuskarsa. Clarence Dally, mai taimaka wa Thomas Edison a Amurka, sai da aka yanke masa hannuwa duka biyu saboda ƙunar wannan haske, sa'an nan ya mutu a 1904. A birnin Hamburg akwai dutsen tunawa da aka kafa a 1936, ɗauke da sunayen mutum 169, likitoci da ma'aikata na ƙasashe daban-daban, waɗanda aikin ya yi ajalinsu. A 1956 kuma wata likita a Oxford, Alice Stewart, ta nuna cewa yaran da aka ɗauki hoton iyayensu mata suna ciki sun fi sauran yara kamuwa da sankara. Daga irin wannan tarihi ne ƙa'idar aikinmu ta fito, watau kada a haska mutum sai da dalili, in kuwa za a haska shi, a yi da mafi ƙarancin hasken da zai biya bukata.

Ba na so in tsorata kowa, don gaskiya ita ce hoto ɗaya na yau bai kai ya kawo ba. Ana auna abin da jiki ya sha da wani ma'auni da ake kira milisibat. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa taka asibiti ba, yakan sha kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin sama. Hoton ƙirji guda ɗaya kuwa wajen 0.02 ne, daidai da na kwana uku ke nan. Wanda likita ya rubuta wa hoto ya ƙi zuwa don tsoro, ya cuci kansa. Amma hoton ƙashin baya yakan kai na wata shida ko kusa da haka, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin jin wannan haske. Abin lura shi ne, hoton farko yana da lada, domin da shi za a ga karaya ko tarin fuka. Wanda aka ɗauka aka zubar kuwa, haske ne aka zuba wa mutum ba tare da ya sami kome ba. Alal misali, a ce asibiti yana ɗaukar hoto 100 a rana, ana sake 10 daga ciki. A shekara an haska mutane sau 3,650 a banza ke nan, a asibiti ɗaya tak.

Bari mu koma zamanin fim, wanda har yanzu bai ƙare ba a wasu ƙananan asibitocinmu. Fim dai leda ce da aka shafa wa sinadari mai azurfa, a sa ta cikin kaset, haske ya ratsa jiki ya faɗa mata, sa'an nan a shiga ɗakin duhu a wanke. Halinsa halin ƙosai ne a kasko: wuta ta yi yawa ya ƙone, ta yi kaɗan ya fito ɗanye. In mai ɗaukar hoto ya ƙara haske fiye da kima, hoto ya fito baƙi ƙirin, ba a ganin kome. In ya rage, ya fito fari fat. Tsakanin nan biyu ɗan siririn fili ne ƙwarai, kuma kowane jiki da nasa awo, na siririyar tsohuwa daban, na ƙaton ɗan dako daban. Ga kuma fitinar ɗakin duhu. Ruwan wankin hannu yana son sanyi kamar digiri 20, to ka ƙiyasta wahalar wanda ke wanki a Sakkwato cikin watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40. Ruwa ya tsufa, ƙofa ta yi ɗan tsagi haske ya shigo, yatsa ya taɓa fim tun bai bushe ba, wuta ta ɗauke fim yana cikin inji, duk hoto ya lalace. Shi ya sa a wancan zamani in an ce daga cikin hoto 100 an zubar da 10 ko 15, ba wanda zai yi mamaki, kuma yawancinsu laifin awon haske ne ko laifin wanki.

Sai dai fim yana da wata ɗabi'a da ba mu san darajarta ba sai da ya tafi, ita ce ba ya rufa wa kowa asiri. Wannan na koye shi ne daga wani dattijo da na yi aiki a ƙarƙashinsa lokacin da aka tura mu asibiti koyon aiki. Ya yi shekara fiye da talatin a ɗakin hoto. Wata rana da muka sami sarari na ce masa, "Baba, ai ku kun sha wahala, mu kam mun huta." Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, mun sha wahala, amma muna da kwali." Na ce wane kwali? Ya ce a bayan ƙofar ɗakin duhu akwai wani kwali da ake jefa duk fim ɗin da ya lalace. Mai sito ya ƙirga maka fim ya ba ka, dole ka kawo lissafinsa, don kuɗi ne, kuma ko lalataccen ma ba a yar da shi, akwai masu saye su cire azurfar. Ƙarshen wata shugaban sashe yakan zazzage kwalin bisa tebur, a riƙa ɗaga fim ɗaya ɗaya ana dubawa a fitila: wannan haske ya yi yawa, wannan an yanke ƙasan huhu, wannan mara lafiya ya motsa. Ya ce ba a ambatar suna, amma kowa ya san hannunsa. In ka ga naka sun yi yawa, ba sai an ce maka kome ba, kunya ta ishe ka. Sa'an nan ya nuna mini kwamfutar da ke gabanmu ya ce, "To, ita wannan, ina kwalinta?"

Kafin in amsa wa Baba, wajibi ne in ba kwamfuta haƙƙinta, don kada a ce ɗalibi yana kiran a koma baya. A 1983 kamfanin Fuji na Japan ya fito da wani faranti da ake sa wa cikin kaset a madadin fim. Faranti yana riƙe hoton, a kai shi wata na'ura ta karanta, ta aika wa kwamfuta, sa'an nan a goge shi a sake amfani da shi. Wajen ƙarshen shekarun 1990 kuma aka sami allon da ke aika hoto kai tsaye, cikin 'yan daƙiƙoƙi ka gan shi, ba kaset, ba ɗauka ba kaiwa. Babu ɗakin duhu, babu warin sinadari, babu fim da zai ƙare ranar Juma'a da yamma. Hoton da aka ɗauka a ƙauye ana iya aika shi ta intanet ga likitan hoto a birni. A 2021 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen duba hoton ƙirji don neman alamun tarin fuka ga 'yan shekara 15 zuwa sama, kuma wannan babban abu ne ga ƙasa irin Nijeriya, wadda ke cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa. Da fim ba za a yi haka ba. Uwa uba, allon kwamfuta ba shi da halin ƙosai. Haske ya ɗan yi yawa ko ya ɗan yi kaɗan, kwamfuta za ta daidaita, hoto ya fito ana gani. Babban dalilin zubar da fim ya kusa gushewa ke nan.

Saboda haka aka sa rai cewa sake hoto zai zama tarihi, kuma lalle rahotannin farko sun nuna raguwa, wasu wurare har zuwa wajen kashi 5 cikin 100. Amma da aka daɗe ana aiki, masu bincike suka soma leƙa cikin na'urorin, sai labari ya sake. Wani bincike da aka buga a 2012, wanda aka yi a ƙasar Norway a kan irin allon nan na kai tsaye, ya sami kashi 12 cikin 100 na hotuna ana watsar da su, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan, laifin yadda aka tsai da mara lafiya ne ko aka kwantar da shi. Wani kuma da ya biyo baya a 2015, a ƙasar dai, ya sami kashi 11. Mai karatu ya lura, wannan Norway ce, inda wuta ba ta ɗaukewa, ma'aikata kuma sun sami horo iyakar horo. Watau an kori kuskure ta ƙofa ya dawo ta taga, ya sauya riga kawai.

Me ya kawo haka? A ganina amsar ba ta da nisa: sakewa ta yi arha. A zamanin fim, kafin ka danna maɓalli sai ka duba sau biyu, ka gyara kafaɗa, ka taɓa ƙashi ka tabbata, domin ka san in ka kuskure sai an yi wanki, an jira, an kirawo mutum daga benci, an fito da sabon fim wanda mai sito zai tambaye ka. Yau kuwa hoto yana fitowa mara lafiya bai ko motsa daga inda yake ba. In bai yi ba, ka danna, ya tafi, ka sake. Har ma wasu sun mai da hoton farko ɗan leƙen asiri: a ɗauka a ga yadda mutum ya kwanta, sa'an nan a gyara a ɗauki na gaske. An mai da jikin mutum abin gwaji ke nan.

Laifi tudu ne, saboda haka bari in hau nawa. Wata rana aka kawo wani magidanci mai ciwon gwiwa, aka bar ni in ɗauki hoton gefe. Hoto ya fito, kome ana gani, sai dai ƙasusuwan nan biyu na ƙarshen cinya ba su hau juna daidai ba kamar yadda yake a littafi. Bambancin bai fi kaurin tsinke ba. Raina ya ƙi kwanciya, don ina so in nuna gwaninta. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a ɗan ƙara juyowa." Na sake. Na biyun ya fi na farko muni. Na sake na uku. Baba yana tsaye bayana bai ce uffan ba, sai da mutumin ya fita ya tambaye ni, "Wace tambaya likita ya yi?" Na duba takarda, likita yana so ya ga ko gaɓar ta ci ne. Ya ce, "Na farkon bai amsa ba?" Na yi shiru, domin ya amsa. Hotuna biyun nan na ɗauke su ne don kaina, Alhaji kuwa ya tafi yana sa mini albarka. Kuma babu wani littafi a asibitin nan da ya san an yi haka.

Akwai kuma wani ɓoyon da ya fi wannan zurfi, wanda ya shafi kyawun hoton kansa. Na ce kwamfuta tana daidaita haske, amma ba ta yi wa ɓangarorin biyu adalci ɗaya. In haske ya yi kaɗan, hoto yakan fito da tsaki-tsaki, kamar talabijin da eriyarsa ta karkace, likita kuma zai dawo da shi yana faɗa. In haske ya yi yawa kuwa, ko ya ninka abin da ake bukata sau biyu ko sau uku, hoto sai ya ƙara fitowa sumul, likita ya yaba. To, wane ma'aikaci ne zai zaɓi faɗa ya bar yabo? Sai kowa ya riƙa ɗan ƙarawa don ya zauna lafiya, yau kaɗan, gobe kaɗan, har awon sashe duka ya hau ba wanda ya lura. Fim da ya ga haka da ya baƙe ya tona asiri. Wannan ba zato na nake faɗa ba. Hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan haske, wadda ake kira ICRP a taƙaice, ta fitar da littafi guda a 2004 musamman a kan yadda za a kula da awon hasken da marasa lafiya ke sha a hoton kwamfuta, kuma wannan hauhawa ta ɓoye tana cikin abin da ta yi gargaɗi a kai. Ma'ana, sashe yana iya rage yawan sake hoto, a tafa masa, alhali kowane mara lafiya yana shan haske fiye da na da.

Masu ƙera na'urori sun sa wata lamba da ke fitowa gefen kowane hoto, mai nuna yawan hasken da ya isa allo. Sai dai da farko kowane kamfani da tasa: ta Fuji tana sauka in haske ya ƙaru, ta Kodak kuwa hawa take yi. Wanda ya bar wannan asibiti ya koma wancan sai ya rikice. A 2008 hukumar daidaita ma'aunin kayan lantarki ta duniya ta fito da lamba ɗaya ta bai ɗaya, tare da wata ƙaramar lamba mai sauƙin karantawa: sifiri daidai ke nan, uku a sama an ninka haske, uku a ƙasa an ba da rabi. Abu ne da ɗan aji ɗaya zai koya cikin minti biyar. Amma ina tambayar 'yan'uwana da muka je koyon aiki tare, mu nawa ne muke kallon lambar nan kafin mu aika hoto? Ni kam sai da na yi mako uku kafin in san tana wurin.

Haka kuma batun gefe. A bakin fitilar na'ura akwai wasu ƙyamare na dalma da ake matsewa don haske ya tsaya kan gaɓar da ake nema kaɗai. A fim, in ka buɗe su warwar, kowa zai gani. A kwamfuta kuwa sai mutum ya buɗe, ya haska jariri tun daga haɓa har cinya don kada ya kuskure, sa'an nan ya sa linzami ya yanke gefe, ya aika wa likita ɗan ƙirji tsaf kamar an auna da ma'auni. Hoto ya yi kyau, ciki da marar jaririn kuwa sun riga sun sha abin da ba su da bukata.

Wani zai tambaya, to tsakanin fim da kwamfuta wanne ya fi fitar da hoto mai kyau? In ana maganar ƙanƙantar abin da ido zai iya rarrabewa, fim mai kyau da aka wanke da kyau ya fi yawancin allunan kwamfuta. Amma kwamfuta ta fi shi ta wajen da ya fi amfani yau da kullum, domin a hoto ɗaya kana iya ƙara duhu ka duba huhu, ka rage ka duba abin da ke bayan zuciya, ka faɗaɗa ka duba tsagin ƙashi. Sai dai wannan fifiko yana tsayawa ne a fuskar kwamfutar da aka yi domin aikin. A wurare da yawa abin da ke isa hannun likita shi ne hoton da aka buga a takarda, ko wanda wani ya ɗauka da waya daga fuskar kwamfuta, da hasken taga a jikinsa, ya tura ta WhatsApp. An sayi na'ura ta miliyoyi, an haska mutum, wataƙila har sau biyu don a sami hoto sumul, sa'an nan aka zubar da rabin kyawun a hanya. Wannan ma hasara ce da ba a ƙirga ta.

Yanzu ga inda zan saɓa wa wasu abokaina masu zafin kai, waɗanda ke cewa kamata ya yi a hana sake hoto sam. Wannan kuskure ne babba. Hoton ƙirjin da aka yanke wa saman huhu, inda tarin fuka ya fi son zama, dole a sake shi. Hoton da ya yi dishi-dishi har ba a ganin karaya, in aka aika shi haka, mutum zai koma gida da karyayyen ƙashi ana ce masa targaɗe ne, wannan kuwa ya fi ɗan ƙarin haske illa nesa ba kusa ba. Sashen da ya ce shi ba ya sake hoto ko ɗaya, ko dai ba ya ƙirgawa, ko kuwa yana tura wa likitoci shara. Shi ya sa ƙungiyar masana kimiyyar hasken asibiti ta Amurka, a rahotonta na 2015, ta ba da shawarar a riƙi kashi 8 cikin 100 a matsayin abin nufi, in ya kai 10 a bincika, in kuma ya faɗi ƙasa da 5, nan ma a bincika. Abin da ya burge ni ke nan, cewa ƙarancin ma abin tuhuma ne. Amma duk waɗannan lambobi ba su da amfani ga wanda bai san nasa ba.

Saboda haka abin da nake kira a yi ba ya bukatar sabuwar na'ura ko kwangila. A mayar da kwalin Baba. Yawancin na'urorin zamani suna iya ajiye duk hoton da aka ƙi, su tambayi dalili kafin su bari a sake, su fitar da lissafi ƙarshen wata. A kunna wannan, a toshe hanyar gogewa ta yadda ba mai iya share hoto ya tafi ba alama. Inda na'urar ba ta iyawa, littafi mai layi da biro sun isa. Sa'an nan sau ɗaya a wata a zauna a duba, gaɓa gaɓa, domin jimilla kan ruɗi mutum: ana iya samun ƙirji lafiya lau, gwiwa da ƙugu kuwa suna ta zuba. Kuma ina roƙon shugabannin sassa, kada a mai da wannan zama kotu. Ranar da aka fara yanke wa ma'aikaci albashi ko aka ci masa fuska gaban yara saboda yawan sakewa, ran nan lissafi zai zama ƙarya, kowa zai koyi tura mummunan hoto ko ya nemi hanyar ɓoyewa. A kirawo likitocin ma su zauna, su faɗa da bakinsu irin hoton da ya ishe su, don rabin sakewar da muke yi tsoron fuskarsu ne.

Muna da hukumomin da wannan ya rataya a wuyansu. Akwai hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti, wadda doka ta 42 ta 1987 ta kafa, akwai kuma Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2001 bisa dokar 1995, mai ba da lasisin na'urorin nan. A ganina duk sa'ad da jami'ansu suka shiga ɗakin hoto, bayan sun duba kaurin bango da rigar dalma, ya kamata tambaya ta gaba ta zama: ina lissafin hotunan da kuka sake cikin wata shida da suka wuce? Wanda kuma zai sayo wa asibiti na'ura, ya sa a cikin yarjejeniya cewa sai an koya wa ma'aikata yadda ake fitar da wannan lissafi kafin a biya cikon kuɗi.

Mu ma da ke zuwa a ɗauke mu muna da namu. Sarƙa, laya, tsabar kuɗi a aljihun gaba, ƙarfen rigar mama, fil ɗin ɗankwali, duk suna fitowa a hoto, kuma kowannensu yana iya sa a sake. Mace in tana zaton tana da ciki ta faɗa tun kafin ta shiga, ko ba a tambaye ta ba. Wanda aka yi wa hoto ya adana shi, kada ya je wani asibiti bayan kwana uku a sake ɗaukar abin da yake ajiye a gida. In aka ce maka sake tsayawa, ba rashin kunya ba ne ka tambaya cikin ladabi me ya faru da na farko. Mu kuma masu koyon aikin, mu ji tsoron Allah mu yi wa mutane magana da harshen da suke ji. Na sha ganin an tsai da tsohuwa daga ƙauye, a yi mata ihu da Turanci daga bayan gilashi, ita kuwa ta juyo don ta ji abin da ake cewa, daidai lokacin da aka danna. Da an tsaya kusa da ita an ce, "Iya, in na ce ja numfashi, ki ja ki riƙe kamar mai nutso, kada ki saki sai na ce," a gwada sau ɗaya ba haske, da hoto ɗaya ya isa. Wannan rabin minti ne.

Kafin in bar asibitin nan na so in amsa wa Baba tambayarsa. Na yi ta lalube cikin kwamfutar har na sami wurin da take ajiye lissafin hotunan da aka ƙi. Ashe kwalin yana nan, tun ranar da aka kafa na'urar yake cika. Na danna, sai ta nemi lambar sirri. Na tambayi Baba, bai sani ba. Muka tambayi shugaban sashe, ya ce lambar tana wurin injiniyan da ya haɗa na'urar, shi kuwa rabon da a gan shi shekara biyu ke nan.